Ƙaramin Jirgi Mai Inji Biyu da Dirar Lema: Yadda Ake Tantance Wanda Ya Dace

Tambayar ko ƙaramin jirgi mai inji biyu ya dace da ɗaukar masu dirowa da lema daga sama takan taso ne idan wani ya samu irin wannan jirgi a farashi mai rahusa, ko kuma ƙungiyar masu dirowa da lema ta gaji da layin jiran Cessna 182 mai ɗaukar mutum huɗu kacal. Tunanin farko shi ne inji biyu ya fi ɗaya ƙarfi, ya kuma fi aminci. A aikin dira lissafin yakan kife. Manyan jiragen da ake ji da su a wannan fage, irin su Twin Otter da Skyvan da King Air, duk masu inji biyu ne, amma injinansu na tarbain ne, wato dangin injin jet da ke juya farfela. Ƙananan masu injin fistan kuwa (injin da ke aiki irin na mota), irin su Seneca da Baron da Aztec da Cessna 310, yawancinsu ba su dace ba, kuma tun a ƙasa ake iya gane dalili kafin a tada inji. Ga yadda ake bin abin daki-daki. Mun yi amfani da dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, a matsayin misali, domin can aka fi yin wannan wasa kuma can dokarsa ta fi fitowa fili. Wanda ke Najeriya, takwararta ta gida, hukumar NCAA, ce za ta ba shi izini, kuma sharaɗinta ne zai hau kansa.

Mataki na 1: Tsaya a bakin ƙofa ka dubi baya

Kafin ka buɗe littafin jirgin, je ka tsaya a ƙofar da za a fita ta cikinta. Abu uku za ka duba: ina farfela take, ina fiffike yake, ina wutsiya take.

A Cessna 310 da Aztec da Baron 55, ƙofar tana kan fiffiken dama, dab da inji. Mai dira zai fito ya taka fiffike cikin guguwar farfela, sannan ya zame ta baya, inda faffaɗan ɓangaren wutsiya ke jiransa. Wannan ya isa a soke jirgin daga lissafi. Cessna 337 ta fi muni, domin injinta na biyu a baya yake, farfelarsa na juyawa daidai hanyar da iska za ta kwashi mutum ko lemarsa.

Seneca tana da ƙofa a hagu bayan fiffike, Baron 58 tana da tagwayen ƙofofi a dama, Navajo ma tata tana baya ta hagu. Waɗannan sun tsallake matsalar farfela, sai dai wutsiyarsu a ƙasa take kuma kusa. Ɗauki tef na awo ka auna daga bayan ƙofa zuwa gaban faffaɗan wutsiya, ka kuma duba tsayinta idan an kwatanta da daɓen jirgin. Mutumin da ya fita yana tafe da gudun jirgi, amma iska na rage masa gudu nan take, saboda haka jirgin ne ke wuce shi yayin da yake faɗuwa. Idan wutsiyar tana kusa kuma a ƙasa, ɗan tsalle sama ko hancin jirgi a ɗage ya isa kansa ko jakarsa ta daki ƙarfe. Gudu na ƙara wannan haɗari: ƙarfin iska na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu.

Britten-Norman Islander ita ce fitacciyar da ta sha bamban a cikin masu fistan. Fiffikenta a sama yake, injinan na rataye can sama, tayoyinta ba sa naɗewa, ana kuma sa mata ƙofa mai zamewa. Tana ɗaukar kimanin mutum tara, an daɗe ana dira daga cikinta a Birtaniya. Wanda ya nace sai mai fistan biyu, irin wannan ƙira zai nema.

Mataki na 2: Takardar izinin tashi ba ƙofa

Ba kowane jirgi aka yarda ya tashi da ƙofa a cire ko a buɗe ba. Izinin yakan zo ta ɗayan hanya uku: yana cikin littafin jirgin daga masana'anta, ko akwai takardar amincewa da gyaran ƙira da wani kamfani ya samo wa wannan samfuri, ko hukuma ta duba wannan jirgi guda ta sa hannu. Tsohon bugun takardar jagora ta FAA mai lamba 105-2 ya taɓa ɗaukar jerin jiragen da aka amince su tashi ba ƙofa. Idan samfurinka ba ya da ɗaya daga cikin ukun, tsaya nan. Neman sabon izini aiki ne na injiniyoyi da gwajin tashi, kuɗinsa kan iya haura darajar tsohon jirgin.

Idan izinin na nan, karanta sharuɗɗansa layi-layi. Yakan ƙayyade iyakar gudu, iyakar karkata, wani lokaci ya wajabta wa matuƙi goya lemar gaggawa. Yakan kuma buƙaci ɗan faifan kare iska a gaban ƙofa, wanda ke rage girgiza da kaɗawar iska a ciki. Cire ƙofa na sauya yadda iska ke zagayawa, hayaƙin salansa kan iya dawowa cikin jirgi, don haka a manna na'urar gano gubar hayaƙi a gaban matuƙi.

Sai gyaran ciki. A cire kujerun baya, a shimfiɗa daɓe mai laushi, a bi gefen ƙofa da hannu a rufe duk wani kaifi, ƙugiya, ko kan ƙusa da zai iya kama igiya ko mariƙin lema. Lema da ta buɗe a bakin ƙofa takan fizge mai ita ta nannaɗe wutsiya, kuma wannan na iya kayar da jirgin da duk wanda ya rage a ciki. Doka ta yarda masu dira su zauna a ƙasa, amma kowa sai da bel ɗinsa da aka ɗaure a jikin jirgi lokacin tafiya a ƙasa, tashi, da sauka. Gajeren bel ya fi dogo, mai kama mutum ta wuri biyu ya fi mai wuri ɗaya.

Mataki na 3: Lissafin nauyi, sannan lissafin inda nauyin yake

Bayan an cire kujeru da ƙofa, a sake auna jirgin a kan sikeli. Tsohuwar takardar nauyi ta daina aiki.

Mu ɗauka an samu cewa jirgin na iya ɗaukar kilo 700 a kan nauyinsa na fanko. Matuƙi da lemarsa kilo 90. Man jirgi lita 150, kowace lita ta man fistan kimanin kilo 0.72, ya zama kilo 108. Saura kimanin kilo 500. Mai dira da kayansa a lissafa shi kilo 100, domin jakar lema kaɗai takan kai kilo 10 zuwa 12, wadda malami ke dirowa da ita haɗe da ɗalibi kuwa ta haura 20. Ke nan mutum biyar. Cessna 206 mai inji ɗaya na ɗaukar biyar ko shida, da rabin man da rabin gyaran. A duba kuma ko littafin ya ƙayyade iyakar nauyi ba tare da mai ba, domin wasu masu inji biyu suna da wannan iyaka, rage mai ba zai ba ka damar ƙara mutum ba.

Jimillar nauyi ita ce mai sauƙin. Cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin jirgi ya daidaita tsakanin gaba da baya, ita ce ke kashe mutane. A jirgin fasinja kowa na zaune a kujerarsa har a sauka. A jirgin dira, kaya ne masu ƙafa: suna tashi, suna matsawa baya, suna cunkushewa a ƙofa, wasu ma na rataye a waje. Saboda haka lissafi huɗu za a yi, ba ɗaya ba: lokacin tashi kowa a mazauninsa, lokacin da rukunin farko ya taru a ƙofa, lokacin da rukunin ƙarshe ya matso baya shi kaɗai, da lokacin da matuƙi ya rage shi kaɗai da ɗan mai. Lissafi na biyu ne yakan faɗi. Daga gare shi ake sanin mutum nawa aka yarda su wuce wani wuri a lokaci guda, sai a ja jan layi a daɓe ko a bango a wurin, a rubuta adadin da manyan baƙaƙe.

Idan cibiyar nauyi ta wuce iyakar baya, hanci na son ɗagawa, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, jirgi ya faɗa juyin majaujawa wanda da wuya a fita daga cikinsa. Haka ya faru da wani King Air A90 a Byron ta Kalifoniya a watan Yulin 2016: nauyi ya koma baya, jirgin ya yi majaujawa har ɓangaren dama na wutsiyarsa ya ɓalle, masu dira suka fice, matuƙi ya sauka da shi da kyar. Aka gyara shi ya koma aiki. A ranar 21 ga Yunin 2019 wannan jirgi ya faɗi jim kaɗan da tashi daga filin Dillingham a Hawaii, mutum 11 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ɗora alhakin a kan tashin ganganci da matuƙi ya yi, ta kuma gano cewa fiffiken hagu ya murɗe tun haɗarin farko ba a gyara shi yadda ya kamata ba. Wanda zai sayi tsohon jirgi ya zauna ya karanta tarihin gyaransa shafi-shafi.

Mataki na 4: Me zai faru idan inji ɗaya ya mutu

Nan ne maganar amincin inji biyu ke samun tangarɗa. Mutuwar inji ɗaya na ɗauke rabin ƙarfi, amma tana ɗauke kashi 80 cikin 100 ko fiye na iya hawa. Dalili: rarar ƙarfi ce ke hawa da jirgi. A ce kowane inji na da ƙarfin doki 200, jimla 400, jirgin kuma na buƙatar 160 don ya tsaya a tsayinsa. Rara 240. Inji ɗaya ya mutu, saura 200, rara ta koma 40, kafin ma a lissafa jan da matacciyar farfela da buɗaɗɗiyar ƙofa ke yi. A tsohon ƙa'idar ƙira ta Amurka, mai fistan biyu da nauyinsa bai wuce fam 6,000 ba kuma gudun da fiffikensa ke sakin iska bai wuce not 61 ba (not ma'aunin gudun jirgi ne), ba a ma wajabta masa iya hawa da inji ɗaya ba. An dai ce a auna a rubuta, ko da sakamakon sauka ne.

Zafi da tudu na cinye sauran. Filin jirgin Kano na kan tsayin kimanin ƙafa 1,560. A rana mai zafin digiri 40, iska na yin sako-sako har jirgi ya ji kamar yana kan ƙafa 4,900. Piper Seminole, a littafinta, iyakar tsayin da take iya ci gaba da ɗan hawa da inji ɗaya kimanin ƙafa 3,800 ne. Wato a irin wannan rana, cike da kaya, tun tana kan titi ta riga ta wuce iyakarta. Buɗe jadawalin hawa da inji ɗaya na naka jirgin, saka zafin wurinka na watan da ya fi zafi, saka cikakken nauyi. Idan abin da ya fito bai kai hawan da zai tsallake bishiyoyin ƙarshen titi ba, to a ɗauki jirgin tamkar mai inji ɗaya da ke da hanya biyu ta lalacewa.

A agogon gudu na irin waɗannan jirage akwai jan layi da shuɗin layi. Shuɗin shi ne gudun da ya fi ba da hawa da inji ɗaya. Jan shi ne gudun da idan aka sauko ƙasa da shi, faifan juyi na wutsiya ba zai iya hana lafiyayyen injin murɗa jirgin ya kife ba. Abin da masu dira da yawa ba su sani ba: komawar nauyi baya na ɗaga wannan jan layi, domin tazarar da ke tsakanin cibiyar nauyi da wutsiya ta gajarta. To ka kwatanta: inji ya yi tari ya mutu a ƙafa 600, matuƙi na taka fedar da ke sarrafa faifan juyi iya ƙarfinsa, mutum biyar kuma suka zabura suka yi ƙofar baya. Sun kashe kansu da ƙafarsu. Dokar ita ce kowa ya zauna da bel ɗinsa har matuƙi ya yi magana. Wuraren dira da yawa sun tsayar da ƙafa 1,000 zuwa 1,500 a matsayin tsayin da ƙasa da shi ake sauka tare da jirgi. Sama da haka, idan matuƙi ya ce a fita, ana fita ɗaya bayan ɗaya a kan lemar ajiya, sai an ƙara tsayi sosai ake komawa babbar lema.

Shi kuwa matuƙi, jerin aikinsa sai ya zama a jininsa: riƙe hanya da feda, sauke hanci zuwa shuɗin layi, tura duk ƙarfi gaba, naɗe tayoyi da filaf (faifan da ake saukewa a bayan fiffike), gane mataccen inji ta ƙafar da ba ta aiki, tabbatarwa ta janye totur ɗinsa a hankali, sannan a juya ruwan farfelarsa su ba iska kaifi, a ɗan karkata digiri 2 zuwa 3 wajen lafiyayyen. Matakin tabbatarwa ba a tsallake shi. A ranar 22 ga Afrilun 1992 a Perris ta Kalifoniya, injin dama na wani Twin Otter ya mutu bayan tashi saboda gurɓataccen mai, matuƙi ya tsayar da farfelar lafiyayyen injin, mutum 16 suka rasu. Rahoton musamman da NTSB ta fitar a 2008 a kan jiragen dira ya nuna abubuwan da ke ta maimaituwa: sakacin gyara, rashin lissafin nauyi, da matuƙan da suka kasa riƙe gudu bayan mutuwar inji.

Mataki na 5: Layin fita

A ce jirgin ya tsallake duk wannan. Ga yadda ake gudanar da fitar kanta.

A sanar da masu kula da zirga-zirgar sama tun kafin ranar ko aƙalla awa ɗaya kafin farawa, a kuma kulla magana da su ta rediyo aƙalla minti 5 kafin kowace fita. Ba a dira ta cikin gajimare. Ƙasa da ƙafa 10,000 doka na neman ganin mil 3, sama da haka mil 5, abin da hazon hunturu kan hana a yankinmu kwana da kwanaki. Sama da ƙafa 14,000 matuƙi na shaƙar oksijin ko da yaushe, sama da 15,000 kuwa sai an tanadar wa kowa.

Minti biyu kafin wurin fita, a daina hawa, a daidaita jirgi yana fuskantar iska, a sauke filaf zuwa matakin da littafi ya yarda. Filaf na sunkuyar da hanci, wutsiya ta ɗaga, ta ba masu fita sarari. Ba a fita jirgi na hawa. Sai a rage ƙarfin injin ɓangaren ƙofa don guguwar farfela ta lafa. Lura da abin da aka haɗa a nan: gudu kaɗan, nauyi a baya, inji ɗaya a rage, mutane rataye a waje suna jan wannan ɓangaren. Matuƙi ya ƙirƙiri rabin matsalar mutuwar inji da hannunsa. Don haka ba a mayar da injin ƙofa can ƙasa gaba ɗaya, ana kuma tsayar da gudun da ba a sauka ƙasa da shi ko masu dira na ihu a rage. Idan gudu ya fara zubewa, a sauke hanci a yarda a rasa tsayi. Cessna 182 na iya sakin mutane a kimanin not 70 zuwa 80, yawancin masu inji biyu kuwa sai 85 ko fiye, wanda ke wahalar da ɗalibai a fitarsu ta farko.

Jan fitila na nufin a buɗe ƙofa a duba ƙasa, kore na nufin matuƙi ya shirya. Tsakanin rukuni da rukuni ana son tazarar kimanin mita 300. Idan gudun jirgi a kan ƙasa not 80 ne, wato mita 41 a daƙiƙa, a ƙirga daƙiƙa 7 zuwa 8. Iskar sama mai ƙarfi na rage gudun ƙasa, sai a ƙara jira.

Mataki na 6: Saukowa da abin da take yi wa inji

Jirgin dira na hawa da cikakken ƙarfi a gudu kaɗan, inji ya yi zafi, sannan a so ya fado ƙasa cikin minti kaɗan. Silindar injin fistan ba ta son wannan: kanta na alminiyon ne, gangar jikinta ƙarfe, sanyin gaggawa kan tsatstsaga ta. Kamfanin Lycoming mai ƙera injinan jirgi ya ba da shawarar kada zafin kan silinda ya sauka fiye da digiri 50 na Farenhait a minti. A rufe ƙofofin iskar inji kafin a fara gangara, a bar matsakaicin ƙarfi, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Mai inji biyu irin Baron silinda 12 ke gare shi maimakon 6, kuma sai an sa na'urar da ke nuna zafin kowace ɗaya. Injin tarbain bai damu da wannan ba, shi ya sa King Air kan riga masu lema isa ƙasa.

Saboda ana ɗaukar mai kaɗan don a ƙara mutum, gangara mai tsanani ko doguwar karkata na iya kwashe man daga bakin bututu inji ya shaƙi iska. Kada a amince da agogon mai. A auna da sanda kafin kowane tashi, a bar rarar aƙalla minti 30, a tsiyaye ƙasan tanki a duba ruwa kowace safiya da bayan kowane cika.

Mataki na 7: Kuɗin kowace kujera

Raba kuɗin awa ɗaya da adadin mutanen da jirgin ke kaiwa sama a awar. Cessna 182 na shan kimanin lita 50 a awa, mai fistan biyu irin Seneca kimanin 90, a hawa ma fiye. Ƙara gyaran gaba ɗaya na inji biyu bayan awa 1,400 zuwa 2,000 gwargwadon samfuri, da farfela biyu, da binciken kowace awa 100 da ya wajaba a kan mai ɗaukar mutane da kuɗi. Tayoyi masu naɗewa za su naɗe su buɗe sau 15 ko 20 a rana mai ciniki, a kan titin da sau da yawa na ƙasa ne ko ciyawa. Matuƙi sai mai shaidar tuƙa inji biyu, kamfanin inshora kuma zai nemi awanni masu yawa a kan wannan samfuri kafin ya karɓa. A Afirka ta Yamma akwai ƙarin matsala: man fistan na 100LL na da wuyar samu da tsada, alhali Jet A-1 da tarbain ke sha yana nan a kowane babban fili.

Wurin da ke samun mutum 20 zuwa 30 a rana, Cessna 182 ko 206 ta ishe shi, tana kai su ƙafa 10,000 cikin minti 20 zuwa 30. Idan jama'a ta ƙaru, mataki na gaba a yawancin wurare shi ne Cessna Caravan ko PAC 750XL, masu tarbain ɗaya, masu ɗaukar mutum 15 ko fiye zuwa ƙafa 13,000. King Air 90 na ɗaukar kimanin 14 kuma ta fi su saurin hawa, amma ƙofarta ƙunci gare ta, wutsiyarta kuma ba ta yafe kuskure. Twin Otter mai ɗaukar 22 ko 23 sai wurin da zai iya cika ta tashi bayan tashi, domin rabin kujeru a fanko na cinye ribar ranar tun kafin azahar.